Dalilin da ya sa sifro ba ya maganin mura

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta shafinku na lafiya na makon jiya, inda likita ya ja kunnen jama'a kan shan antibayotik idan mura ta kama su. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai kawo dalili ba, mutanenmu kuwa ba sa barin abu don an ce su bari. Ni malamin bayoloji ne a sakandare, ku ba ni dama in cike gurbin.

Dalilin yana cikin kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado. Ɗan Adam yana da 46. Yawancin bakteriya guda ɗaya gare su, na DNA, kuma bakinsa biyu a haɗe suke ya zama zobe. Masanin kimiyya John Cairns ne ya nuna hakan a jikin bakteriyar hanji E. coli a 1963. Zoben nan yana da haruffan gado wajen miliyan 4.6, in aka miƙe shi ya ninka tsawon ƙwayar sau ɗaruruwa. To ta yaya ya shiga ciki? Murɗe shi ake yi, kamar yadda ake naɗe igiyar guga. Akwai sinadarin da ke wannan murɗi, ana kiransa gyrase, kuma shi antibayotik ɗin sifrofulozasin, wato sifro, ke kamawa. Da ya kama shi, zaren ya kakkarye, ƙwayar ta mutu. (Ba duka ke da zobe ɗaya ba, ƙwayar kwalara biyu gare ta.)

Mura kuwa bairas ke kawo ta, ba bakteriya ba, kuma bairas ba ta da wannan sinadari a cututtukan da muke fama da su. Nata zaren gajere ne, sau da yawa ma na RNA ne, ɗan'uwan DNA. Na shan inna haruffa wajen 7,500 ne kacal. Na mura mai tsanani, wato infuluwenza, gutsure takwas ne. Na zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, gutsure biyu. Cikin ƙwayoyin jikinmu take shiga ta hayayyafa. Mai mura ya sha sifro, maganin ya rasa abin kamawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ba a banza yake wucewa ba. Ban da babban zoben, bakteriya na da ƙananan zobba da ake kira filasmid, waɗanda suke miƙa wa juna, har tsakanin jinsi daban-daban. A Japan aka gano haka a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da ƙwayar atini ta daina jin magunguna da dama a lokaci guda. Duk sanda aka sha antibayotik ba bisa ƙa'ida ba, bakteriya masu rauni a hanji su mutu, masu ɗauke da filasmid ɗin turjiya su samu fili. Ranar da taifod ta zo da gaske, sai a ga magani ya ƙi ci.

Ina roƙon ku sa likitan ya dawo kan batun, da zane in zai yiwu, kuma ya yi magana kai tsaye da masu kemis, don su ake fara zuwa wa kafin asibiti.

Naku,
Wani malamin makaranta, Zariya