Amsa ga Mai Tambaya Kan Dokar Taimaka wa Majinyaci Ya Mutu

Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga tambayar da kika yi mini a bainar jama'a, cewa idan majinyaci mai cikakken hankali ya roƙi likita ya kawo ƙarshen rayuwarsa saboda azabar ciwo, wace hujja doka take da ita ta hana shi. Ban ɗauki tambayar da wasa ba, domin duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon mai ciwon daji yana jin nishinsa har asuba, ba zai yi saurin yanke hukunci ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za a tabbatar cewa roƙon daga zuciyarsa ya fito. Tsohuwar da ke kallon 'yarta ta ajiye aiki domin jinyarta, tana juya ta a gado, tana wanke mata jiki, za ta iya cewa ta gaji da duniya alhali kunya da tausayin 'yar ne suke magana da bakinta. A jihar Oregon ta Amurka, inda dokar taimaka wa majinyaci ya mutu ta fara aiki a 1997, rahotannin shekara-shekara suna nuna cewa fargabar zama nauyi ga dangi ta fi raɗaɗin ciwo yawa a cikin dalilan masu neman maganin da zai kawo ƙarshen rayuwarsu.

Sharuɗɗan kuma ba sa tsayawa inda aka ajiye su. Kanada ta halasta abin a 2016 ga waɗanda ajalinsu ya kusa, a 2021 ta cire wannan sharaɗi, lamarin da ya tayar da hankalin masu kare haƙƙin naƙasassu. Beljiyam ta janye ƙa'idar shekaru a 2014. A Holan, inda dokar ke aiki tun 2002, kwamitocin bincike suna duba ko likita ya bi ƙa'ida ne bayan majinyacin ya riga ya rasu.

Ina goyon bayan haƙƙin majinyaci na ƙin maganin da ba ya yi masa amfani. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 14 cikin 100 kacal na masu buƙatar kulawar rage raɗaɗi ne suke samunta. Majalisar da ba ta samar wa majinyaci mofin (maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi) da mai jinya ba, ban yarda ta miƙa masa takardar neman mutuwa ba.

Wassalam.