Shawara ga matasa masu koyon zane da fensir

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ba matasanmu na Bauchi masu koya wa kansu zane shawara. Yawancinsu sun tsaya kan fensir HB na makaranta, alhali fensira masu lambar 2B da 6B, da yake sun fi laushi, su ne ke fitar da inuwa mai duhu. Maimakon kwaikwayon hotunan waya, gara mutum ya ajiye buta kusa da taga, ya lura da inda haske ya sauka da inda inuwa ta kwanta, ya zana siffar butar gaba ɗaya da sassauƙan hannu kafin ya koma kan mariƙinta. Kuma a daina murza inuwa da yatsa, domin maiƙon hannu yana ɓata takarda. Auduga ta fi.

Naku,
Mai karatu daga Wunti, Bauchi