Ga mai son rabuwa da taba sigari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai albarka mu yi magana da 'yan'uwanmu masu shan taba sigari waɗanda suka gaji da ita, da kuma iyalansu da ke shan hayaƙin tare da su. Mu ma'aikatan lafiya ne, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda kowa ke nanata wa mashayin taba magana guda: ka daina, tana kisa. Ai ya sani, ga shi nan ma an rubuta masa a jikin kwali. Abin da ba a gaya masa ba shi ne yadda ake dainawar, da abin da jikinsa zai yi a rana ta uku, da dabarar da zai yi idan ta motsa masa bayan ya ci tuwon dare. Sai ya yi rantsuwa da asuba, kafin la'asar ya karya, ya ce wa kansa shi kam ba shi da zuciya. Abin yana damunmu ƙwarai, domin mafi yawan masu faɗuwa shiri ne ba su yi ba.

Igiya biyu ce ta ɗaure mai shan taba, kuma kowacce da yadda ake kwance ta. Ta farko sinadarin nikotin ne. Idan an zuƙa, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, bayan kamar awa biyu kuma rabinsa ya bar jini, jiki ya sake nema. Shi ya sa karan safe ya fi kowanne wuyar bari, don an kwana ba a sha ba. Igiya ta biyu sabo ne. Mai shan kara goma a rana, idan yana zuƙar kowanne sau goma, hannunsa yana zuwa bakinsa sau ɗari kullum, sau 36,500 ke nan a shekara. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma wannan turken har mai wayo yana ɗaurewa. Igiyar nikotin tana saki cikin makonni kaɗan. Ta sabo kuwa takan ja watanni, kuma ita ce ke maido da mutum bayan ya ɗauka ya gama.

Aikin farko ana yinsa ne tun ana sha. A sami 'yar takarda a cusa cikin kwalin, duk karan da aka zaro a rubuta lokaci, da wuri, da wanda ake tare da shi. A yi haka mako guda. Wanda ya yi zai ga cewa tabar tasa tana da masauki: ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya a teburin mai shayi da zarar an ajiye kofi, ɗaya bayan kowane cin abinci, ɗaya a banɗaki, biyu ko uku a majalisa bayan isha'i, sai kuma ta ɓacin rai da ba ta da lokaci. Kowane masauki sai an tanadar masa abin da zai maye gurbin tabar, tun kafin ranar ta zo. Wanda shayinsa ya haɗu da taba, ya sha shayinsa a gida na wata guda. Wanda yake kunnawa bayan abinci, da ya wanke hannu ya miƙe, ya ɗauki aswaki ya fita tattaki. Majalisar da ake busa hayaƙi kuwa a ɗan yi mata nisa na makonni uku ko huɗu, a gaya wa abokai dalili ba tare da faɗa ba.

Daga nan sai a sa rana, kada ta wuce mako biyu daga yau. "Bayan Sallah" da "idan na yi aure" ba rana ba ce. Daren jajiberen ranar a zubar da sauran karan da ya rage, a jiƙa su da ruwa don kada a koma tsinta, a fitar da ashana da laita daga aljihu da mota da ƙarƙashin matashi. A wanke riguna da huluna, don warin da ke jikinsu kaɗai yana tayar da sha'awa. Akwai abu guda da ake yawan mantawa: mai tireda. Dokar hana yaɗuwar shan taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta kuma haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma kowa ya san har yau da canjin da ke aljihu ake samun kara ɗaya a bakin layi, wani lokaci ma bashi. A je a biya shi bashinsa, a gaya masa an daina, a roƙe shi ko an zo ana magiya kada ya bayar.

Mutane da yawa suna tambaya ko su rage a hankali. Ragewa tana da amfani idan hanya ce zuwa ranar da aka sa. Amma wanda ya sauko daga ashirin zuwa uku ya zauna a nan, yakan ƙara zurfin zuƙa, ya sha har gindin kara, jikinsa ya kwashi fiye da abin da yake zato. Wani babban bincike da aka wallafa a Ingila a 2018 ya nuna cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan ashirin yake ɗauke da shi. Saboda haka idan ranar ta zo, a yanke gaba ɗaya.

To ga abin da zai biyo baya, gara a san shi tun da wuri. Rana ta farko takan zo da sauƙi saboda ɗoki. Ta biyu da ta uku su ne tudu: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yunwa ba ƙaƙƙautawa, kasa tattara hankali a kan aiki, wani har cikinsa ya ɗaure. Daga ƙarshen mako na farko abin yana fara sauka, zuwa mako na biyu har na huɗu yawancinsa ya wuce. Sha'awar ita kanta zuwa take yi kamar guguwa, ta taso ta turnuƙe, cikin minti uku zuwa biyar ta lafa, ko an sha ko ba a sha ba. Mutum zai ga hannunsa ya tafi aljihun gaban riga da kansa yana lalube, bakinsa ya tara yawu, ƙirjinsa ya yi masa kamar an ɗora dutse. A daidai nan kada ya zauna yana gardama da zuciyarsa. Ya tashi daga wurin, ya sha ruwa kurɓi-kurɓi, ya yi alwala, ya ja numfashi mai tsawo sau goma, ya duba agogo. Duk guguwar da ta wuce ba a kunna ba, ta gaba tana zuwa da rauni.

Tari yakan ƙaru a makonnin farko, har wasu su ce ai da suna sha ma sun fi lafiya. 'Yan siraran gasun da ke share hanyar iska ne suka farfaɗo suna fitar da dattin da ya taru. Sai dai tarin da ya wuce mako biyu, musamman idan da zazzaɓin dare, ko gumi, ko rama, ko jini a majina, a je a yi gwajin tarin fuka. Mashaya taba sun fi saurin kamuwa da shi, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman, wato goro. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa saurin ƙona sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi. Idan aka daina taba, hantar ta koma tafiyarta ta asali, sai goron da aka saba ci ya yi aiki kusan ninki biyu. Shi kuma mai dainawa, don bakinsa ya sami abin yi, sai ya ƙara goron. Sakamakon shi ne saurin bugawar zuciya, rawar hannu, da kwana ido biyu, ya ɗora laifin a kan rashin taba ya koma. A rage goro da shayi mai kauri zuwa rabi, kuma kada a taɓa su bayan la'asar. Abin taunawa a nemi aya, ko karas, ko 'yar gyaɗa, ko aswaki. Alewa da lemon kwalba kuwa ƙara ƙiba suke yi, domin wanda ya daina yakan ƙara kilo huɗu zuwa biyar a shekarar farko idan bai kula ba.

Wanda yake shan fiye da kara goma a rana, ko yake kunna ta farko cikin minti 30 da farkawa, jikinsa ya kamu sosai, kuma neman taimakon magani ba abin kunya ba ne. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan barin taba, ta amince da magungunan maye gurbin nikotin da wasu ƙwayoyi da likita ke rubutawa, irin su varenicline da bupropion da cytisine. Mafi sauƙin amfani su ne cingam na nikotin da filastar mannawa a fata, ana samunsu a wasu manyan kantunan magani. Filasta ga mai shan fiye da goma ana farawa da mai miligiram 21 na mako shida, a sauko 14 na mako biyu, sannan 7 na mako biyu. Kullum da safe a manna sabuwa a busasshiyar fatar dantse ko ƙirji, a riƙa sauya wuri don kada fata ta yi ƙaiƙayi. Cingam ɗin kuwa nan ake tafka kuskure, sai a riƙa taunarsa kamar na yara, a haɗiye ruwan, ya kawo shaƙuwa da ƙwarnafi, a ce ba ya aiki. Taunawa ake yi a hankali har a ji ɗan yaji a baki, sai a ajiye shi tsakanin kumatu da dasashi. Idan yajin ya tafi a sake taunawa a sake ajiyewa, har kamar minti 30. Kada a sha shayi ko lemo minti 15 kafinsa, don tsami yana hana nikotin ɗin shiga. Kuskure na biyu shi ne yar da maganin bayan kwana goma don an ji garau.

Mai juna biyu, da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, su ga likita kafin su fara. Haka mai shan maganin ciwon sukari, ko na taɓin hankali, ko na tsinka jini, ya sanar da likitansa ya daina taba, domin ana iya buƙatar gyara masa ƙa'idar magani. Muna kuma roƙo da babbar murya: kada a je kemis a sayi ƙwayar barci ko tramadol wai don a samu sauƙin kwanakin nan. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. Shisha ma taba ce, ruwan da ke cikin tulunta ba ya tace guba, gawayin da ake ɗora mata kuma ƙarin iskar guba yake zubawa cikin jini. Garin taba da ake sawa a baki ko a shaƙa shi ma nikotin ne.

Mai azumi yana da hujja a hannunsa da sauran mutane ba su da ita. Yana yin awa goma sha uku ko fiye bai sha ba, kwana 29 ko 30 a jere, saboda ya ƙudurta a ransa cewa ƙofar a rufe take. Inda ake asara shi ne bayan shan ruwa, a ci dabino a jera kara uku a huce haushi. Wanda ya sa ranarsa a farkon Ramadan, yaƙinsa ya taƙaita tsakanin magariba da sahur, sai ya tsara wannan lokacin: daga buɗa-baki zuwa masallaci, daga tarawihi zuwa gida. Wanda ba zai jira ba, azumin Litinin da Alhamis yana taimakawa a makonnin farko.

Ku kuma matan gida da iyaye, gori ba ya raba kowa da taba. Idan maigida ya sa rana, a yi haƙuri da fushinsa na mako guda, a ajiye masa ruwa da abin taunawa, kada a riƙa shinshina rigarsa idan ya shigo. Amma tun kafin ya daina, a tsaya kai da fata cewa ba a sha a ɗaki ko a mota, domin yaran da ke shaƙar hayaƙin sun fi yawan ciwon kunne da ciwon ƙirji da tashin asma.

Idan aka yi tuntuɓe, wataƙila a wurin biki ko ranar wani ɓacin rai, aka karɓi kara ɗaya, abin da ke kashe ƙoƙarin shi ne cewa tunda an ɓata bari a sayi kwali. Yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada sau da dama. A zubar da abin da ya rage a take, a koma ga takardar nan a rubuta inda aka faɗi da abin da ya jawo, a tanadar wa wannan masaukin dabararsa, a ci gaba da lissafi daga washegari.

Ladan kuwa ba ya jinkiri. Cikin awa 12 iskar gubar da ke jini ta koma daidai. Cikin 'yan kwanaki a fara jin ƙanshin daddawa a miya yadda aka manta. Tsakanin mako biyu zuwa wata uku hawa bene da tafiya kasuwa su daina sa haki. Bayan shekara guda ƙarin haɗarin ciwon zuciya ya ragu da rabi. Binciken da aka shafe shekara 50 ana yi a kan likitocin Birtaniya, aka wallafa sakamakonsa a 2004, ya gano mashayin taba yana asarar kusan shekara goma na rayuwarsa, amma wanda ya daina yana da shekara 40 yana ceto kusan tara, mai shekara 60 ma yana ceto uku. Mai shan goma a rana kuma yana ƙona kara 3,650 a shekara, sama da kwali 180. Ya sami asusu ya riƙa jefa kuɗin kowace rana, ya fasa bayan wata uku ya yi wa gida cefane da su.

Ya Edita, muna fatan za ka isar da kiranmu ga abokan aikinmu na asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiya: duk majinyacin da ya zauna a gabanku, ku tambaye shi ko yana shan taba, idan ya ce e, ku ba shi minti uku ku taya shi sa rana, ku ce ya dawo bayan mako guda ku ji yadda ya kwana da ita.

Mun gode da ba mu wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Kano.