A koya wa ɗalibai auna kansu kafin jarrabawa ta auna su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun da gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, yawancin zancen na gyaran azuzuwa ne da kujeru. Madalla. Amma mu da ke riƙe da alli muna ganin wani abin da ke kashe wa yara gwiwa, wanda kuɗi ba sa maganinsa: ɗalibi bai san iyakar abin da ya sani ba.

Yaro zai maimaita babi sau huɗu, idonsa ya saba da shafin, sai ya ɗauka ya iya. Ranar jarrabawa ya nemi karatun sama ko ƙasa ya rasa. Daga nan ya yanke wa kansa hukuncin daƙiƙanci, ya watsar da littafi, alhali ma'aunin da ya auna kansa da shi ne ya yaudare shi. A binciken da masana halayyar ɗan Adam Roediger da Karpicke suka yi a 2006 a Amurka, waɗanda suka yi ta maimaita karatu sun fi kowa tabbacin za su tuna. Bayan mako guda kashi 40 cikin 100 suka tuna, waɗanda aka yi ta gwadawa kuwa kashi 61.

Alarammomi sun daɗe da sanin haka. Ba a yarda da haddar almajiri sai ya kife allo ya biya da ka.

Malamin da ke shirya yara WAEC ko NECO zai iya ware minti 10 a ƙarshen darasi. A rufe littafi, a ba da tambayoyi biyar. Kafin a duba, kowa ya rubuta nawa yake zaton ya ci, sannan a gwada zatonsa da sakamakon. Kowane kuskure kuma yaron ya faɗi dalilinsa: ban karanta ba, na karanta ban gane ba, ko garaje na yi. Wannan matakin ne ke dawo da himma, domin kowanne cikin ukun yana da magani, saɓanin “ba ni da ƙwaƙwalwa”. A sake kawo tambayoyin bayan kwana biyu, sannan bayan mako.

Inda abin ke lalacewa shi ne a sa makin cikin sakamakon zango, ko a ɗauko bulala. Nan take yara za su fara satar amsa da ɓoye abin da ba su gane ba. Muna roƙon Ma'aikatar Ilimi ta sanya wannan dabara ta auna kai cikin horon da take ba malamai.

Naku,
Wasu malaman sakandare, Kano