Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu kan jinkirin fitowar sabon madubin saiti

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu sarakunan baka, 'yan'uwa mafarauta, masu wasan harbi, da dillalanmu na cikin birnin Kano da kewaye, muna gaishe ku da fatan alheri.

Mun yi muku alkawari cewa sabon madubin saitin bindiga da muke haɗawa, mai lamba 3-9x40 (wato mai ƙara girman hoto daga ninki 3 zuwa 9, da gilashin gaba mai faɗin milimita 40), zai shigo hannunku kafin a gama kaka a shiga dawa. Ba zai fito a wannan lokacin ba. Alkawari kaya ne, mun ɗauka ba mu sauke ba, don haka muna ba ku haƙuri, musamman waɗanda suka riga suka ba da kafin alƙalami. Haƙƙinku ne ku ji dalili dalla-dalla.

Samfuran farko sun ci gwajin gani. Hoto garau yake, gefe ba ya dishi-dishi, ko da magariba ta kawo kai. Inda wasu suka faɗi shi ne riƙe saiti bayan dukan bindiga. Madubin da ba ya riƙe saiti kuwa, komai kyawun gilashinsa, ado ne kawai a bayan bindiga.

Ga yadda abin yake a ciki. Babban bututun da kuke gani yana ɗauke da wani ƙaramin bututu mai gilasai, wanda ke miƙar da hoto da ƙara masa girma. Ƙarshensa ɗaya a maƙale yake, ɗayan yana lilo. Mamurɗin sama da na gefe suna tura shi, wani sifirin kuma yana tokare shi daga ɗaya ɓangaren don ya zauna daram a jikinsu. Duk "ƙas" ɗaya da kuka ji idan kun murɗa, wurin faɗuwar harsashi ya gusa da kusan milimita 7 a nisan mita 100, wato kusan milimita uku da rabi a mita 50. Motsin da ke haifar da wannan a ciki ƙanƙani ne ƙwarai. A madubi irin wannan, idan wani abu a ciki ya goce da abin da bai kai kaurin silin gashi ba, harsashi zai kauce da kusan santimita 3 a mita 100. Ido ba ya ganin wannan gociyar, kunne ba ya jin ta idan aka girgiza madubin. Sai an yi harbi take bayyana.

Abin da muka samu da muka kwance waɗanda suka faɗi abu biyu ne. Sifirin ɗin da ke tokare ƙaramin bututun ya saki jiki, ya daina mayar da shi daidai inda yake bayan kowane harbi. Sannan zoben da ke danne gilashin gaba ya fara kwancewa, saboda ba a sa masa gam ɗin kulle zare yadda ya kamata ba.

Abin da ya tona asirin shi ne bindigar iska mai sifirin. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda ba ta da ƙara, kuma ba ta dukan kafaɗa kamar mai harsashi, kowane madubi zai zauna mata. Ba haka ba ne. Bindigar harsashi duka ɗaya take yi, zuwa baya, kuma yawancin madubai an gina su ne don su jure wannan. Ita kuwa mai sifirin sau biyu take duka a harbi guda: idan aka saki fistin, wato ƙarfen da sifirin ke turawa ya matse iska, bindigar ta yi baya, idan fistin ya kai ƙarshen hanyarsa ya tsaya da ƙarfi, ta zabura gaba. Wannan fizgar ta biyu ita ke kwance zobe, ta tsinka siririyar wayar gicciyen saiti, wato alamar da ake gani a cikin madubi ana ɗora ta kan abin harbi, ta kuma sa madubin ya riƙa zamewa baya a kan bindiga. Da yake da yawa daga cikinku irin wannan bindigar kuke riƙewa don tsuntsu da ƙananan namun daji, ba za mu iya cewa wannan gwajin bai shafe mu ba.

Gyaran da muka yi: mun sauya sifirin da mai ƙarfi, mun ƙara na biyu, mun sa gam a zaren zoben gaba, mun kuma bar gicciyen waya muka koma wanda aka zana a jikin gilashi, wanda ba shi da abin tsinkewa. Gyaran bai ci lokaci sosai ba. Abin da ke cin lokaci shi ne duk ranar da aka sauya wani ɓangare na ciki, ƙidayar gwaji ta koma sifiri. Sifirin mai ƙarfi ya magance lilo, amma yana ƙara danna bakin mamurɗi, kuma idan bakin na tagulla ne mai taushi zai fara cinyewa, "ƙas" ɗin ya daina zama daidai. Ba a sanin haka sai an sake bi tun daga farko.

Kowane samfuri sai ya sha harbi dubu a kan bindigar iska mai sifirin, ana sauke shi bayan kowane ɗari biyu a duba saitinsa a kan na'ura. Bayan nan sai gwajin akwati, wanda ku ma za ku iya yi. A ɗaure bindiga kada ta motsa, a kafa takarda a mita 50, a harba uku a tsakiya. A murɗa ƙas 20 sama a harba, 20 dama a harba, 20 ƙasa a harba, 20 hagu a harba, kullum ana saita wuri guda. Ramukan su zana murabba'i mai kusan santimita 7 kowane gefe, na ƙarshe kuma ya faɗa kan na farko. Idan bai dawo gida ba, madubin ya faɗi, ko da tazarar ba ta fi faɗin farce ba. Ana kuma murɗa girma daga 3 zuwa 9 a dawo, a ga ko gicciyen ya gusa.

Sai zafi, wanda a wurinmu ya fi sanyi muhimmanci.  A Kano, watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, kuma baƙin ƙarfe da aka bari a motar da ke rufe a rana yana wuce haka nesa ba kusa ba. Alminiyam, wanda ake yin bututun madubi da shi, yana buɗewa da zafi fiye da gilashi kusan ninki uku. A gilashin gaba mai faɗin milimita 40, idan zafi ya sauya da digiri 50, bambancin buɗewar ya kai kusan kashi uku cikin ɗari na milimita, kuma kun riga kun ji abin da motsi irin wannan ke yi wa saiti. Giris ɗin da ke cikin mamurɗi shi ma idan ba mai jure zafi ba ne sai ya narke, ya gangara, tururinsa ya kwanta a gilashi daga ciki kamar hazo. Shi ya sa muke sa samfuri a tanda mai digiri 60 na awa huɗu, a bar shi ya huce, a sa shi a firiza na awa huɗu, a maimaita sau goma. Zagaye ɗaya yini guda yake ci. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, inji bai karɓa nan take ba, wannan zagayen ba ya cikin lissafi.

Gwajin ruwa ba shi da tsawo: zurfin mita ɗaya na minti 30, kamar yadda ma'aunin jure ruwa mai suna IPX7 ya tanada. Kafin nan muna tsoma shi a ruwan ɗumi mai digiri 50. Iskar naitirojin da aka cika bututun da ita tana kumbura, idan akwai kafa a wani zoben roba sai a ga ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga wurin. Ta wannan kafar ce danshin damina ke shiga. Alamarsa a sanyin asuba take fitowa: raɓar da ke waje ana goge ta da ƙyalle, wadda ke ciki kuwa tana nan tana kallonka.

Ƙura kuma ba sai mun yi wa Bakano bayaninta ba. Duk wanda ya share tagarsa da safe a watan Janairu ya san laushin ƙurar hunturu. Ita ce ke shiga ƙarƙashin zoben ƙara girma ta haɗu da giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe, tun ana jin ƙurus-ƙurus har zoben roba ya cinye. Muna rufe samfuri a akwatin ƙura na awa takwas, ana murɗa zoben lokaci-lokaci, sannan a mayar da shi ruwan ɗumi a sake neman kumfa. Jerin yana da muhimmanci: madubin da ya ci gwajin ruwa yana sabo, ba lallai ya ci bayan ya sha ƙura da duka ba.

Mun san jinkiri ba kyauta ba ne. Wanda ya tsara farautar rani da wannan madubi zai iya rasa rabinta. Dillali ya ajiye kuɗinsa ba ya juyawa. Mu ma kayan da muke sayowa daga waje farashinsu yana bin dala, kowane mako da aka ƙara akwai abin da yake ci. Wasu daga cikinku sun ba mu shawara da zuciya ɗaya: a fitar da shi haka, wanda ya lalace a musanya. Mun auna wannan sosai. Da lalacewar irin wadda ake gani ce, kamar gilashi ya fashe, da shawarar ta karɓu. Amma saiti a ɓoye yake gocewa. Maharbi zai yi duk abin da ya kamata, ya ja kunama, harsashi ya sami dabba a cinya maimakon inda ya nufa, ta gudu da rauni ta mutu a banza. Ko kuma ya wuce ta gaba ɗaya, alhali a dawa akwai abokan farauta, da karnuka, da makiyaya. Musanya ba ta gyara wannan.

Duk da haka ba mu ce a yi ta gwaji har abada ba, don gwajin da ba shi da iyaka shi ma wata hanyar guje wa yanke hukunci ce. Mun rage abin da za a iya ragewa. Samfuran an raba su gida uku, ana dukan wasu, ana gasa wasu, ana turbuɗa wasu a lokaci guda, sai a ƙarshe a ɗauki kaɗan su bi duka jerin. Mun cire fitilar gicciye daga wannan fitowar, domin gidan batirinta ƙarin kafa ne da sai an gwada shi daban. Za ta zo daga baya. Gwajin gogewar fenti ma ba zai riƙe mu ba, fenti ba ya kautar da harsashi. Sharaɗin kuma a rubuce yake tun kafin a fara: bayan harbi dubu, da zagaye goma na zafi da sanyi, da ƙura, da ruwa, saiti kada ya gusa fiye da ƙas biyu, kuma kada a ga kumfa ko ɗaya. Ranar da samfuran suka cika wannan, ranar za mu faɗi lokacin fitowa. Ba za mu sake sa rana kafin nan ba.

Wata 'yar tunatarwa, tunda ana maganar: madubai da yawa da ake kawo mana gyara ba masana'anta ce ta ɓata su ba, ɗauri ne. Sukurorin zobban da ke riƙe madubi ba sa son ƙarfi; abin da yawancin masu ƙera su ke faɗa bai wuce newton-mita 2 ba, a ma'aunin ƙarfin murɗa sukuru. Idan aka danne da dukan ƙarfin hannu, bututun ya matse, ƙaramin na ciki ya kasa motsi. A ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan waccan, har giɓin gefe biyu ya zo daidai. A bindigar iska mai sifirin a yi amfani da mazauni mai ƙusar tsayarwa. A bindiga mai dukan kafaɗa kuma a bar kusan santimita 9 tsakanin ido da gilashi, don kada bakin madubin ya sari gira.

Wanda ya ba da kafin alƙalami yana da zaɓi biyu. Ya zo da rasiti ya karɓi kuɗinsa cif, ba tare da an cire ko sisi ba, ko ya bar shi, madubin ya same shi a farashin da aka yi ciniki ko da kaya sun tashi. Wanda yake son ganin gwajin da idonsa, ƙofa a buɗe take a ranakun aiki, ban da lokacin sallar Juma'a. Za mu nuna masa samfuran da suka faɗi a kwance, da takardun harbin kowannensu. Kamar kullum, ranar karɓar kaya a taho da takardar lasisin bindiga.

Allah ya bar zumunci, ya tsare ku a gida da dawa.

Wassalam,
Daga dukkan ma'aikatanmu, Kano.