Da Ɗanka Ne Fa? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Alhajin Da Ya Tambaye Ni

Assalamu alaikum, Yaya Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ranar Asabar da ta wuce, a taron iyayen unguwa da aka kira a kan matsalar shaye-shaye, bayan na gama jawabina na zauna, ka karɓi lasifika a gaban malamai da masu unguwanni da matasa ka yi mini tambayoyi biyu. Ka ce wanda yake kira da a daina ɗaure masu shan ƙwaya, da ɗansa ne ya lalace, zai yarda a bar shi yana yawo a gari? Sannan ka ƙara da cewa ya kamata jama'a su san waɗanda suka ɗauki nauyina nake yaɗa wannan ra'ayi na Turawa. Mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, aka shafa fatiha aka watse ba tare da an ba ni damar buɗe baki ba. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan ba ka amsa.

Maganar ɗaukar nauyi ba za ta ci mini lokaci ba. Shekara 31 na yi ina aikin jinya, 19 daga ciki a sashen masu fama da shaye-shaye, kuma da fansho nake ci da iyalina a gidan gadonmu na Tudun Wada wanda ka sha shiga tun mahaifinmu yana raye. Wanda yake da shaidar an taɓa ba ni ko sisin kwabo don in faɗi wannan magana, ya kawo ta gaban mutanen da suka ji zargin.

Tambayar farko ce ta hana ni barci, domin kai ka san amsarta tun kafin ka yi ta. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ƙwaya ce ta yi ajalinsa, kuma kana sahun gaba ranar da aka yi masa salla. Ban taɓa kawo labarinsa a taro ba saboda mahaifiyarmu, amma yanzu ta riga mu gidan gaskiya, kai kuma ka tono abin da na binne.

Acaba yake yi lokacin da ake yin ta a cikin gari, kuma kamar da yawa daga abokan sana'arsa ya fara haɗiyar ƙwaya ne don ya iya kaiwa dare a kan babur ya cika kuɗin mai shi. A lokacin yana salla, yana ba mahaifiyarmu na cefane, an ma sa masa rana. Wata rana aka yi kame a inda suke zama, aka same shi da ƙulli biyu na wiwi. Mahaifiyarmu ta sayar da keken ɗinkinta ta kai abin da aka nema, bai isa ba, ya yi wata 14 a tsare yana jiran shari'a. Ya fito da tarin fuka, mai babur ya ba wani, iyayen yarinya sun dawo da kaya, kuma yaron da ya shiga yana sanin mai sayarwa ɗaya a bakin kasuwa ya fito yana sanin dillalan unguwanni biyar da sunayensu. Daga nan ne shan ya zama na gaske.

Abin da ya biyo baya laifina ne, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Ni da nake ma'aikacin jinya, kunya da surutun mutane suka sa na amince aka kai shi gidan mari. Ranar da nake yi masa wanka na ƙarshe na ɗaga ƙafarsa ta dama, sai na ga tabon ƙarfen ya zagaye idon sawun, fatar wurin ta yi fari ta yi santsi kamar an ƙona, na tsaya da butar a hannuna na kasa ci gaba sai da liman ya dafa ni. Don haka, Alhaji, duk abin da kake cewa a yi wa 'ya'yan mutane an yi wa nawa, kamu da ɗauri da mari, kuma da hannuna na sa shi a kabari. Da ɗana ne a yau, asibiti zan kai shi, in zauna a gefen gadonsa, idan ya koma sha in sake mayar da shi, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kada a ce baƙin ciki ne kawai yake magana, bari mu duba tarihin ƙasar nan. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa doka mai lamba 20 wadda ta tanadi kisa ga masu safarar miyagun ƙwayoyi, kuma a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum 3 a Legas. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma dokarta ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da irin su hodar iblis ko yana sha, ko da yake alƙalai kan sassauta. Bayan kusan shekara 30 ana wannan tsanani, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin ɗari, fiye da ninki biyu na matsakaicin duniya. Miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 irin su tiramadol, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A yankinmu na Arewa maso Yamma kaɗai an ƙiyasta kusan mutum miliyan 3. Ina tambayarka, wane gidan yari ne zai ɗauki mutum miliyan 14, alhali waɗanda muke da su sun cika sun batse, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mazaunansu ba a ma yanke musu hukunci ba?

Ka tuna watan Mayun 2018, lokacin da rahoton BBC ya tayar da hankalin kowa gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ina bakin aiki a lokacin, kuma na ga abin da ya faru da idona. Kuɗin kwalba ya yi tashin gwauron zabo, masu hali suka ci gaba da saye ta bayan fage, marasa hali suka koma roci da sholisho da madarar sukudaye da haɗe-haɗen da mai sayarwar kansa bai san abin da ke ciki ba. An rufe ƙofar kemis ba a buɗe ta asibiti ba, sai aka gudu ba a tsira ba. Haka hani yake yi a ko'ina idan masu nema suna nan, yana ƙara wa dila riba, yana kuma tura shi ga kaya mafi ƙarfi da sauƙin ɓoyewa, shi ya sa tiramadol ɗin da likita yake rubutawa miligiram 50 ko 100 ne, na kan titi kuwa 225. Amurka ta gwada hana barasa daga 1920 zuwa 1933, ta janye bayan 'yan fasa-ƙwauri sun yi kuɗi sun yi bindigogi.

Ka kira maganata ra'ayin Turawa. To, yaƙin da kake karewa shi ma daga can ya zo, daga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan miyagun ƙwayoyi ta 1961 da aka ƙulla a New York da kuma shelar yaƙi da ƙwaya da Shugaba Nixon na Amurka ya yi a 1971. Wanda ya jagoranci hukumar Afirka ta Yamma a kan miyagun ƙwayoyi da Kofi Annan ya kafa, wadda ta fitar da rahoto a 2014 tana cewa a daina ɗaukar mai sha a matsayin mai laifi a mayar da ƙarfi kan manyan masu safara, shi ne Janar Olusegun Obasanjo, kuma ban taɓa jin wanda ya zarge shi da sanyin hali ba. Ghana ta sauya dokarta a 2020, ta mayar da hukuncin wanda aka samu da ɗan abin shansa ya zama tara maimakon ɗauri. Iran, wadda ta rataye masu safara ba adadi, ita ce kuma take ba masu jarabar heroin maganin metadon, mai rage musu ƙishirwar sha, a ɗakunan shan magani da gidajen yari, kuma a Malesiya har a harabar wani masallaci na Kuala Lumpur an buɗe irin wannan ɗaki. Fotugal ta daina kai mai sha kotu tun 2001, idan abin da aka same shi da shi bai wuce na kwana 10 ba sai a tura shi gaban wani kwamiti mai jami'an lafiya da na walwalar jama'a, kuma sababbin masu kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allurar maye suka sauko daga sama da 1,000 a shekara zuwa ƙasa da 60 a 2012. Ba zan ɓoye maka jihar Oregon ta Amurka ba, wadda ta sassauta dokarta a 2020 kafin ta tanadi isassun wuraren magani, abin ya ɓaci ta koma baya a 2024. Wannan ma darasi ne a gare mu, cewa sassauci ba tare da gadon asibiti ba yasar da mutane ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ka juya ka dubi malamai sa'ad da kake magana, kamar na halatta abin da Allah ya haramta. Duk abin da yake sa maye haramun ne, a kan haka aka tarbiyyantar da ni, a kan haka nake fatan in mutu. Sai dai hanyar da za a raba mutum da shi ita ce muke jayayya a kanta. An haramta giya ne mataki-mataki, kuma Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce da farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za su taɓa barin ta ba. A cikin Buhari akwai mutumin da aka yi ta kawowa gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya tsine masa sai Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Haddin ma da malamai suka sani bulala ce, 40 ko 80, mutum ya tashi ya koma cikin iyalinsa da sana'arsa. A wane littafi aka samo shekara 15 a kurkuku, ko sarƙar da aka gani a ƙafafun da yawa daga cikin mutum fiye da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa a watan Satumban 2019? Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, na fi kowa sani, rashin wata ƙofa ce ya kai su.

Yaya Alhaji, ina girmama ka, amma zan faɗa maka gaskiya. Kiran a kama a ɗaure shi ne yake jawo tafi a taro, kuma mutumin da ake ta raɗe-raɗin zai tsaya takara yana bukatar tafi. Mu da muka yi aikin dare a asibiti mun san cewa ƙwaya ba ta tsaya a Rigasa da Unguwar Sanusi ba, tana cikin gidaje masu dogayen katangu, sai dai 'ya'yan can ba a taɓa ganinsu a bayan motar kame, a asirce ake kai su asibitin kuɗi a Abuja ko a ƙetare. Mun kuma san cewa yaran da ake rantsar da su a dokar daji lokacin kamfe, a cika musu aljihu da ƙwaya a ba su gora da adda, su ne ake kira 'yan sara-suka bayan an rantsar da mai nasara. Masu hali sun riga sun yi wa 'ya'yansu gyaran dokar da nake nema, ni dai cewa nake a yi wa ɗan talaka adalci iri ɗaya.

Sannan ka bi ta Kakuri da la'asar ka dubi masaƙun da suka ciyar da dubban gidaje, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, har UNTL da ta tsaya a 2007. Ubanni sun mutu suna jiran haƙƙinsu, 'ya'yansu suka taso ba makaranta ba sana'a, suna tura baro da ɗaukar bulo, aikin da jiki ba ya jurewa sai da abin da zai kashe gajiya. Ba wanda aka ɗaure saboda rufe masaƙun nan, amma kullum ana ɗaure yaran da rufewar ta haifar.

Abin da na faɗa ranar Asabar, wanda tambayarka ta binne, shi ne wannan. A gyara dokar NDLEA ta bambanta mai sha da mai sayarwa da ma'auni bayyananne, ta yadda wanda aka samu da ɗan abin shansa za a miƙa shi ga ma'aikatan lafiya maimakon kotu. Masu shigo da kwantena-kwantena ta tashoshin ruwa da waɗanda suke buɗe musu hanya, a bi su har dukiyarsu, ban nema musu sassauci ba ko kaɗan. Kuɗin da ake kashewa wajen ciyar da yaro yana jiran shari'a a mayar da shi ga magani, domin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba zai iya ɗaukar jihar nan da maƙwabtanta shi kaɗai ba, kuma hukumar da jihar Kaduna ta kafa don wannan aiki tana bukatar ta kai ga asibitocin unguwanni, tare da keɓantaccen wuri na mata, waɗanda kunya take kashe su a cikin ɗaki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kowace Talata bayan la'asar ina zama da wasu matasa 11 da suke ƙoƙarin bari, a zauren gidanmu, a kan tabarmar da ka zauna ranar sadakar uku ta ƙanena. Uku daga cikinsu sun taɓa zaman gidan yari, biyu an taɓa sa musu mari. Ina gayyatarka ka zo wannan Talatar ba tare da lasifika ba, ka maimaita tambayarka a gabansu, ka ji abin da za su ce maka.

Wassalam.

Ƙanenka,
daga Tudun Wada, Kaduna.