Roƙon Tallafi: Ɗakin Koyon Sana'a Don Tunawa Da Baba Injiniya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kwamitin masallacin unguwarmu a nan Kaduna, tare da na makarantar Islamiyya, muna miƙo ƙoƙon bararmu ga iyayenmu da 'yan'uwanmu na gida da na nesa. Muna so mu gina ɗaki ɗaya a gefen makaranta, inda samari za su riƙa koyon aikin lantarki da haɗa sola da gyaran ƙananan injuna, ladan kuma ya isa kabarin dattijonmu da kowa ya sani da Baba Injiniya, wanda Allah Ya yi wa rasuwa bayan ya haura shekara 80.

Yaran yanzu sun san shi ne a matsayin tsohon nan na sahun farko, bayan liman. Ba kowa ya san sojan sama ba ne. Yana cikin samarin da suka shiga rundunar sojin sama ta Najeriya tun tana jaririya, don a 1964 aka kafa ta, kuma sojojin Jamus ta Yamma ne suka fara horar da su. Ba a jima ba yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, aka kawo jiragen yaƙi samfurin MiG-17 daga Tarayyar Sobiyet da L-29 daga Cekoslobakiya. Mutanen da suka koyi aiki a hannun Jamusawa sai ga su a gaban injin Rasha, ga yaƙi ba ya jiran kowa ya gama karatu. A haka Baba ya yi aikinsa har aka ajiye makamai a watan Janairun 1970. Shi ne mai duba jirgi kafin ya tashi, ya bi mai da taya da birki da wayoyi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa hannu a takarda. Idan ya yi ganganci, ran matuƙi ne a wuyansa.

Bai cika son hirar yaƙi ba. Idan samari suka matsa masa, sai ya kawar da zancen da addu'a ga waɗanda suka mutu ta kowane ɓangare, ya tambaye su ko sun yi la'asar.

Amma halin duba jirgin nan bai bar shi ba har tsufa. Tun da ya yi ritaya, masallacin nan bai san kuɗin mai gyara ba. Janareta ya ƙi tashi ana shirin tarawihi, Baba ne. Lasifika ta shaƙe wa ladan da asuba, ko injin rijiyar burtsatse ya tsaya masu alwala suna riƙe da butoci, shi ne dai. Zai shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, duk ƙusar da ya kwance ya jefa ta a gwangwanin madara don kada ta ɓata. In ya gama kuma ba ya tashi sai ya ƙirga kayan aikinsa sun cika, domin a jikin jirgi filaya ɗaya da aka manta a cikin inji tana iya jawo asarar rai. Yaran da ke riƙe masa tocila suna ganin ɓata lokaci ne. Yau wasu daga cikinsu da wannan sana'ar suke ciyar da iyali, kuma su ne suka fara kawo mana shawarar ginin nan.

Iyalansa sun ba da akwatin kayan aikinsa kyauta. Fili akwai, tsofaffin almajiransa kuma sun yi alkawarin koyarwa ranar Asabar da Lahadi ba tare da an biya su ba. Abin da ya rage shi ne bulo da siminti da rodi da kwanon rufi, sai teburan aiki, da faranti da batirin sola na gwaji. Mun zaɓi wannan ne maimakon liƙa allo mai ɗauke da sunansa, saboda hadisin da Muslim ya ruwaito ya ambaci sadaka mai gudana da ilimi mai amfani cikin abin da ba ya yankewa bayan mutuwa, kuma mun san Baba da kansa da ya ga allo zai tambayi kuɗin da aka ɓata a kai.

Mai buhun siminti ya kawo, mai tifar yashi ya sauke, magini ko kafinta ya ba mu yini ɗaya na ƙarfinsa. Iyayenmu mata na ajin dare, ko naira 500 ce za mu karɓa hannu bibbiyu. Ana miƙa gudummawa ga ma'ajin kwamiti bayan sallar Juma'a, a karɓi rasit. Ƙiyasin aikin da lambar asusun masallaci suna manne a allon sanarwa, kuma duk ƙarshen wata za a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a gaban jama'a.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya mayar wa duk wanda ya taimaka da ninkin abin da ya bayar.

Wassalam,
Kwamitin Masallaci da Makarantar Islamiyya